Littafin Milton A Kan 'Yancin Faɗar Albarkacin Baki

Jama'a 'yan makaranta, yau muna so mu duba wani ɗan ƙaramin littafi na Ingilishi, wanda duk inda aka yi gardamar 'yancin faɗar albarkacin baki sai an ambace shi. Sunansa Areopagitica. John Milton ne ya wallafa shi a Landan cikin watan Nuwamba 1644. An samo sunan daga wani tudu na birnin Atina, a ƙasar Girka, inda dattawa su ke zaman shari'a a zamanin da.

Ga dalilin rubuta shi. A 1643, ana cikin yaƙin basasa tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisar Ingila, sai Majalisa ta kafa doka, kada a buga kowane littafi sai wani ma'aikaci ya karanta ya ba da izini. Milton kuwa mutumin Majalisa ne, amma bai yarda ba. Ya rubuta musu wannan ƙara, ya sa sunansa a jiki, ya buga ba tare da neman izinin kowa ba.

Turancinsa yana da nauyi. Jimla guda takan cinye layi da yawa, don haka mai karatu sai ya yi haƙuri. Amma hujjojinsa a fili su ke. Yana ganin littafi mai kyau abu ne mai rai, hallaka shi ya yi kusa da hallaka mutum. Yana ganin kuma wanda bai taɓa jin mugun zance ya ƙi shi da kansa ba, ba a san kirkinsa ba tukuna. Sa'an nan ya tambaya, wa za a ba aikin nan na duba littattafai? Malami na gaske ba zai yarda ya ƙare ransa yana karanta shirmen mutane ba, saboda haka aikin sai ya faɗa hannun jahili ko mai kwaɗayi. Mu a wurinmu wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, domin duk dokar hana magana wani mutum ne zai riƙe ta, shi ma kuwa ɗan Adam ne. Milton ya ba da shaida da abin da idonsa ya gani a Italiya wajen 1638, da ya ziyarci Galileo, masanin taurari, ya tsufa yana tsare a gidansa don ya ce duniya ce ke kewaya rana.

To, amma yabo ba ya hana gyara. Laifi na fari, Milton ya tabbata in aka bar gaskiya da ƙarya su yi kokawa a fili, gaskiya ce za ta kayar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ne, amma kafin a kai ƙarshen ramin ana iya yin ɓarna mai yawa. A Ruwanda a 1994 wani gidan rediyo ya yi ta zuga mutane su kashe maƙwabtansu, gaskiya ba ta iso ba sai bayan an yi asarar rayuka dubbai ɗari-ɗari.

Laifi na biyu ya fi girma. Kusa da ƙarshen littafin Milton ya ware 'yan Katolika, ya ce su kam ba za a sake musu ba. Watau ya roƙa wa mutanensa 'yanci, ya hana wa waɗanda ya ƙi. Har ma a 1651 shi kansa ya riƙe aikin duba wata jarida ta gwamnati kafin a buga ta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A 1859 wani Baturen Ingila, John Stuart Mill, ya wallafa On Liberty, ya ja iyaka wadda ta fi ta Milton daidai. A ganinsa ba a hana mutum magana sai in za ta cuci wani. Ya kawo misali da 'yan kasuwar hatsi. In ka rubuta a jarida cewa su ne ke kashe talakawa da yunwa, a ƙyale ka. In kuwa ka faɗi haka ga taron fusatattu a ƙofar gidan ɗan kasuwar, ka cancanci horo. Maganar ɗaya ce, wuri da lokaci ne suka bambanta. Amma shi ma Mill, wanda ya yi shekara 35 yana yi wa kamfanin Ingila mai mulkin Indiya aiki, ya ce wannan 'yanci bai shafi al'umman da ya kira marasa wayewa ba.

Har wa yau ƙasashe ba su daidaita a kan iyakar ba. Sashe na 19 na shelar 'yancin ɗan Adam ta 1948 ya ba kowa ikon faɗar ra'ayinsa, sa'an nan yarjejeniyar 1966 ta yarda a sa iyaka bisa doka, don kare mutuncin mutane da zaman lafiya. A Amurka, tun 1969, ba a horon mai zuga sai in zugarsa tana gab da haifar da keta doka. A Jamus kuwa musun kisan Yahudawa na zamanin Hitler laifi ne.

Abin da mu ke so ku ɗauka shi ne, ba marubucin da ya ce baki ba shi da linzami. In kun ji an ja wa magana iyaka, ku tambaya, don ɓarnar maganar aka ja, ko don ƙin mai maganar? Ku auna Milton da wannan mudu, ku auna kanku da shi ranar da abokin gardamarku ya miƙe a aji. Majalisa ba ta saurari Milton ba. Ya rasu a 1674, ba a bar neman izinin bugu a Ingila ba sai 1695.