Shamila da Durar a Hannun Ɗalibi: Nazari a kan Ingancin Madogaran Intanet

Da wuya a buɗe kundin kammala digiri a fannin Hadisi ko Fiƙihu a yau ba a tarar da sawun Maktabatus Shamila da shafin Addurarus Saniyya a cikinsa ba, ko da ɗalibin bai ambace su ba. Alherin waɗannan rumbuna biyu a bayyane yake: littafin da a da sai an yi sautunsa daga Alƙahira ko Bairut, yanzu yana cikin wayar ɗalibi. Abin da ke buƙatar nazari shi ne irin amanar da ake ba su, domin ɗalibai da yawa suna ɗaukar abin da allo ya nuna tamkar shi ne littafin, alhali kwafi ne da wani ya shigar daga wani bugu.

Shamila ba ta ɓoye wannan ba. Kowane littafi a cikinta yana da katin bayani mai ɗauke da sunan mawallafi, da muhaƙƙiƙi, da maɗaba'a, da kuma faɗakarwa ko lambobin shafukansa sun dace da bugaggen littafi ko kuwa na'ura ce ta jera su. Wanda ya ɗauko juzu'i da shafi daga kashi na biyu ya aika mai karatu wurin da babu shi a kowane bugu. Ga kuma tas-hifi: ɗigo ɗaya tak ke raba Hibbanu da Hayyanu a rubutun Larabci, kuma hannun mai shigar da rubutu yakan zame. Haka lambobin hadisi. Sahihu Muslim a lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi yana tsayawa a 3033, saboda ya haɗa hanyoyin hadisi ɗaya a ƙarƙashin lamba guda, yayin da bugun da ke ƙirga kowace hanya ya haura 7000. Lamba ba tare da sunan bugu ba, rabin madogara ce.

Matsalar Durar ta fi zurfi, duk da cewa tsarin shafin, wanda Alawi bin Abdulƙadir Assaƙƙaf ke kula da shi, abin yabo ne. Yana kawo marawaici, da muhaddisin da ya yi hukunci, da littafinsa, da taƙaitaccen hukuncin. Wato shafin mai naƙalto hukuncin malamai ne, kuma sau da yawa sukan saɓa a kan hadisi ɗaya. Ɗalibi mai gaggawa sai ya tsinci layin da ya dace da ra'ayinsa, ya rubuta cewa Durar ta inganta. A nan ake yin asarar abin da ya fi muhimmanci, domin masu hukunci ba ɗaya suke ba. An san Alhakim da sassauci wajen ingantawa a Almustadrak, an san Ibnul Jauzi da tsanani a Almaudu'at. Idan Alhaisami ya siffanta mazajen wani isnadi da aminci a Majma'uz Zawa'id, bai lamunce saduwar isnadin ba, bai kuma kore illa ko shuzuzi ba. Inganta isnadi daban, inganta hadisi daban. Taƙaitaccen hukunci na kalma biyu ba ya ɗaukar wannan bambanci, sai an koma ga littafin an karanta maganar malamin cikakkiya. Abin mamaki, lambar shafin tana nan kusa da hukuncin, kaɗan ne ke bin ta.

Akwai kuma littattafan da jingina su ga masu su take da rauni, waɗanda intanet ya ƙara wa yaɗuwa. Tafsirin Tanwirul Miƙbas ana danganta shi ga Ibnu Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, amma hanyarsa ta bi ta Muhammad bin Marwan Assuddi ƙarami daga Alkalbi daga Abu Salih, silsilar da malaman hadisi suka yi watsi da ita. Littafin fassarar mafarki da ke ɗauke da sunan Ibnu Sirina ma masu bincike ba su tabbatar masa da shi ba, alhali shi wannan tabi'i, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, daga gare shi Imamu Muslim ya ruwaito gargaɗin a duba wanda ake karɓar addini a wurinsa. Samuwar littafi a rumbu ba shaidar nasabarsa ba ce.

Lamarin ya fi tsanani ga mai nazarin talifan malaman Sakkwato, domin yawancin abin da ke yawo a WhatsApp da Telegram hoton bugun kasuwa ne, wani ba bango, wani ba sunan magubci. Ɗalibin da zai kafa hujja da Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello ko Liya'ut Ta'awil na Abdullahi ɗan Fodiyo yana bukatar bugu mai tahƙiƙi. Idan lafazin da zai gina bahasi a kansa ya saɓa tsakanin kwafi biyu, sai ya gwada shi da rubutun hannu da ke Gidan Arewa a Kaduna ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ya kuma bayyana a hashiya kwafin da ya rinjayar da dalilinsa.