Mu Ba Mu Da Labari Ne?

Yau maganata a kan littattafanmu na Hausa ce, waɗanda muke karantawa bayan an kwashe tuwo yara sun yi barci.

'Yar uwa, ɗauko goma ki duba. Yarinyar tana Nassarawa a Kano ko Maitama a Abuja, gidan bene, falo uku, maigadi a bakin get. Saurayin kuwa jiya ya sauka daga Landan. Sai ki gama littafi kaf ba zaure, ba rumbu, ba turmi, ba tsohuwa mai kaɗi a tsakar gida. In kin ga an sako 'yar ƙauye, to don a yi mata dariya ne. Wai shin mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba mu da labari ne?

Wallahi muna da shi, har ya fi nasu nauyi. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Ruwa ya cinye gidaje da gonaki a ƙasar Maradun, aka kwashe dubban mutane aka kai su tudu, inda ƙasar ba ta kama ƙafar fadama ba. Waɗanda ke ƙasan madatsar kuma ambaliyar da ke ba su shinkafa da kifi ta ja baya. Da manoma suka tare hanya suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka da dama suka salwanta. To ki tuna amaryar da aka yi wa jere a unguwar da yau take ƙarƙashin ruwa. Ina ta kai kwallayenta? Wa ta samu a matsayin maƙwabciya? Yaya ta ƙare da miji da ya wayi gari ba gona? Wace soyayya ce ta fi wannan gwaji?

Wata za ta ce ai mai karatu hutu take nema, ba tonon baƙin ciki ba. Haba! A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya kora da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci. Ba Landan, ba jirgi, amma mata suka yi ta rububinsa, don kowa ta ga tsakar gidansu a ciki.

Makaɗanmu ma sun fi mu kishin gida. Musa Ɗanƙwairo ɗan ƙasar Bakura, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru makaɗin Sarkin Kudu Maccido, da harshenmu na Zamfara suka yi waƙa, ba su ji kunyarsa ba, kuma har yau ana sauraronsu. Sai dai su sarakuna da manyan maza suka waƙe. Waƙar daka da ta niƙa, da yadda ake kamun amarya, da sunayen tsofaffin unguwanni, waɗannan a bakin tsofaffinmu mata suke.

Ga shi kuma lokaci ba ya jira. Matsalar 'yan bindiga, wadda ta kai ga sace ɗalibai mata a Jangebe a 2021, ta koro mutane da yawa daga ƙauyuka zuwa cikin gari. Unguwa ta cika da baƙin ido, zaure ya koma shago, tsofaffin kuma kullum ana binnewa.

Don haka marubuciya, kafin ki sake ɗora jarumarki a jirgi, ki kai ta Dakko ko Birnin Tudu ta kwana biyu. Ke kuma uwargida, zauna da kakarki ki tambaye ta sunan unguwar da aka haife ta da waɗanda suka zauna a cikinta, ki rubuta ko a littafin makarantar ɗiyarki ne. Allah Ya sa mu gyara, amin.