Kunyar ɗan fari da amanar riƙo: uba da ɗa a wasannin bidiyo biyu

A rumfunan wasan bidiyo na garuruwan bakin iyaka irin su Ɗan Issa, kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ƙwallo ce ta fi tashe. Amma akwai wasannin da ke ɗauke da labari, kuma a ganinmu sun cancanci tarke kamar kowane adabi. A wannan ƙasida mun ɗauki biyu, God of War (Santa Monica Studio, 2018) da The Last of Us (Naughty Dog, 2013), domin mu duba da wane ido Bahaushe zai kalli uban da suka zana.

A God of War, Kratos da ɗansa Atreus sun ɗauki tokar gawar uwar yaron za su kai ƙololuwar dutse mafi tsawo, bisa wasiyyarta. Galibi Kratos ba ya kiran ɗan da sunansa, sai dai ya ce masa yaro. Bayan farautar barewa a farkon wasan, ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa, sai ya janye. Wasan ya ɗauki wannan a matsayin ciwo, tafiyar kuwa ita ce magani. To amma ga mutumin Ɗan Issa, uban da ke kauce wa sunan ɗansa na fari ba mara lafiya ba ne, mai kunya ne. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna zurfin wannan al'ada. Nesantar ba ƙiyayya ba ce, domin akwai masu cike gurbin: kaka mai wasa da jika, kawu, gwaggo, da wanda aka bai wa riƙo.

Nan ne muke ganin raunin labarin. Kafin a kusanto da uba ga ɗansa sai da aka kashe uwa, aka share dangi, aka bar su su biyu a daji. Duk da haka marubutan ba su iya tafiya ba kaka ba. Sai suka kawo Mimir, kan mutum da aka yanke aka rataya a ƙugun Kratos, yana ba da labarai cikin kwalekwale, yana raha da yaron. Aikin kaka ke nan, ko da ba a kira shi da sunan ba. (Tatsuniyoyin da Kratos ya gwada yi da kansa kuwa, ba gishiri ba yaji, a nan marubutan sun san abin da suke yi.)

The Last of Us ya fi nauyi. Joel ya rasa ɗiyarsa Sarah daren da annoba ta ɓarke. Bayan shekara 20 Marlene ta danƙa masa Ellie, yarinya mai shekara 14 wadda cutar ba ta kamawa, ya kai ta inda za a nemi rigakafi. Wannan riƙo ne, riƙo kuwa amana ce: mai riƙo ya san ɗan ba nasa ba ne shi kaɗai. A asibitin Salt Lake City, da Joel ya ji aikin zai ci ran yarinyar, sai ya kashe likitan, ya kashe Marlene, sannan ya rantse wa Ellie kan ƙarya. Ba ma jayayya cewa masu asibitin ma sun ci amana, tunda ba su nemi yardarta ba. Sai dai Joel ya yanke hukuncin shi kaɗai, ba dattijo ba dangi, kuma wasan bai bar wa mai riƙe da madannai wata hanya ba: sai ya kau da likitan da hannunsa kafin labarin ya ci gaba.