Masu Karanta Dusar Ƙanƙara Kafin Gari Ya Waye

A watan Fabrairu, lokacin da makarantun Faransa ke hutun hunturu, ƙauyukan tsaunukan Alps kan cika maƙil. Ɗaya daga cikinsu shi ne Val d'Isère, wanda ke zaune a tsayin mita 1,850. Iyalai kan zo daga Paris da Landan, su kama ɗaki na mako guda, su yi hayar takalma da dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa. Da misalin ƙarfe tara na safe sai su hau kujerun da waya ke ja zuwa saman dutse, su gangaro suna zamiya a kan dusar ƙanƙara. Kowace hanya da launinta: kore ta ɗan koyo ce, sai shuɗiya, sai ja, baƙa kuwa sai gwani. Mai hutu in ya ga hanya a buɗe bi kawai yake yi, da wuya ya tambayi wanda ya ce a buɗe ta.

Masu wannan hukunci su ne Faransawa ke kira pisteurs, wato masu tsaron hanyar zamiya da aikin ceto. Ana danganta kafuwar sana'ar da Émile Allais, zakaran duniya na 1937, wanda ya tsara ta a Courchevel cikin shekarun 1950. Babban abin da suke tsoro shi ne zaftarewa: dusar da ta taru a gangare ta ɓalle lokaci guda, ta sauko da gudun da kan wuce kilomita 100 a awa. Mutanen Val d'Isère sun san ta da kyau. Ranar 10 ga Fabrairun 1970 ta afka wa wani masaukin matasa suna cikin karin kumallo, mutum 39 suka rasu. Shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar ANENA a Grenoble, wadda har yau take horar da masu harba nakiya da masu karnukan ceto.

Wanda bai saba ba yana ganin dusar ƙanƙara abu ɗaya ce, fara fat daga sama har ƙasa. Mai haƙar rijiya zai fi saurin gane gaskiyar lamarin, domin ya san ƙasa hawa-hawa take: yashi, sai yumɓu, sai marmara. Haka dusar take. Kowace zuba tana barin shimfiɗarta, kuma kowace shimfiɗa tana riƙe da labarin ranar da ta sauka, ko an yi iska, ko rana ta ɗan narkar da samanta ya sake daskarewa, ko an kwana ana tsananin sanyi sararin sama garau. Aikin mai tsaro shi ne ya buɗe wannan littafi ya karanta.

Kayan karatun ba su da yawa, duk suna shiga jakar goyo: shebur mai naɗewa, zarto, ma'aunin zafi, ɗan gilashi mai ƙara girman abu, wani ɗan allo mai layuka na milimita, da doguwar sandar ƙarfe mai gaɓa-gaɓa da ake harhaɗawa ta kai kusan mita uku. Zai zaɓi gangaren da ya yi kama da wanda yake shakka a kai, amma inda ko ya ɓalle ba zai tafi da shi ba. Sai ya haƙa rami har ƙasa, ya share bango ɗaya ya miƙe sumul, ya tabbata bangon yana cikin inuwa don kada rana ta canza masa abin da zai gani. Daga nan sai ya bi bangon da gefen allon daga sama zuwa ƙasa a hankali. Duk inda hannunsa ya ji allon ya ɗan turje ko ya faɗa, nan iyakar shimfiɗa take, sai ya ja layi.

Gwajin tauri shi ne ya fi burge ni, saboda ba ya bukatar komai sai hannu. Mai tsaro zai tura dunƙulen hannunsa cikin shimfiɗar ba da ƙarfi ba. In ya shige, wannan mai laushi ce ƙwarai. In bai shige ba, sai ya gwada yatsu huɗu, sannan yatsa ɗaya, sannan fensir, daga ƙarshe wuƙa. Matakai biyar ke nan, kuma mai tsaro a Faransa da na Suwizalan da na Kanada duk da su suke rubuta abin da suka gani, kowa ya karanta na ɗan'uwansa ya gane. Abin da yake nema shi ne shimfiɗa mai tauri da ta hau kan mai laushi. Ka ɗauki faifai ka ɗora a kan geron da ya zube a daɓe, ka taka, za ka ji abin da ake nufi.

Daga ina geron ke fitowa? Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa tana zama kusa da digiri sifiri duk hunturu, alhali iskar sama tana iya kai digiri 15 ƙasa da sifiri. Wannan bambanci yana sa tururi ya riƙa hawa ta tsakanin ƙwayoyin, yana barin wannan yana manne wa waccan. Shi ya sa mai tsaro ke cusa ma'aunin zafi a bango kowane santimita 10. In bambancin ya kai digiri ɗaya a wannan tazara, ya san ƙwayoyin suna sauya kama. Sai ya ɗebi kaɗan a kan allonsa, ya kawar da numfashinsa gefe don kada ya narkar da su, ya duba ta gilashi. Sabuwar dusa tana da rassa shida kamar tauraro. Wadda ta kwanta lafiya ƙwayoyinta sun yi zagaye sun kama juna. Mai hatsarin kuwa tana da kusurwoyi kamar sukari, manyanta ma har da rami a ciki, shi ya sa Faransawa ke ce musu gobelets, ƙananan kofuna. Ka damƙe su a hannu ba sa dunƙuluwa, zubewa suke ta tsakanin yatsu. Suna iya kwanciya a ƙasa tun Disamba, su jira har Fabrairu.

Faifan kuma iska ce ke saƙa shi. Tana kwashe dusa daga fuskar dutsen da take bugawa, ta farfasa ƙwayoyin, ta jibge su a ɗaya fuskar ta danne. Saboda haka dare ɗaya na iska yana iya ɗora wa gangare kaya ko da ba a yi sabuwar zuba ba. Gangaren da ya fi ɓallewa shi ne mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma shi ne wanda gwanayen zamiya suka fi sha'awa.

Saura gwaji ɗaya kafin ya fito daga ramin. Da zarto zai yanka ginshiƙi mai faɗin santimita 30 kowane gefe, ya raba shi da sauran dusar, ya kwantar da bakin shebur a kansa. Sai ya buga sau goma da motsin wuyan hannu kaɗai, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa, idonsa a kan bango. Yana ƙirga bugun da ginshiƙin ya tsage, yana kuma lura da yadda ya tsage. In ya murmushe a hankali, da sauƙi. In ya yanke tsaf ya zamo gaba ɗaya kamar an jawo aljihun tebur, wannan gangare ba za a bar shi haka ba. Abin da masu tsaro ke aunawa a kullum ana aika shi ga hukumar yanayi ta Météo-France, wadda ke fitar da sanarwar hatsari kowace yamma bisa ma'aunin Turai mai mataki biyar da aka amince da shi a 1993. Yawancin waɗanda ke rasa rai a mataki na uku suke rasawa, domin a lokacin dutsen yana da kyan gani, mutane kuma na ganin uku ai tsakiya ce.

Maganin gangaren da ya ɗauki kaya shi ne a sauke masa da nakiya tun babu kowa a ƙarƙashinsa. Wannan shi ke tayar da masu tsaro tun kafin asuba duk daren da aka yi zuba. Kowane wurin hutu yana da rubutaccen tsari da magajin gari ya sa wa hannu, mai nuna kowane wurin harbi, da hanyar isa gare shi, da inda za a rufe. Ba a tafiya mutum ɗaya. Suna hawa cikin duhu da fitila a goshi, nakiya a jaka, su bi ƙolin dutse inda ba abin da zai faɗo musu daga sama. Ɗaya ya tsaya a wuri mai aminci yana kallo, ɗaya ya ɗaure ƙunshin nakiyar da igiya don kada ya gangara ya wuce inda ake so, ya sanar ta oba-oba, ya kunna lagwani, ya jefa, ya ja da baya ya toshe kunne. Fashewa a saman dusa ta fi tasiri a kan wadda aka binne, saboda haka a wasu wurare waya ce ke ɗaukar nakiyar ta rataye ta a kan gangaren. A wuraren da ƙafa ba ta isa, akwai manyan bututun ƙarfe da ake kira Gazex, masu haɗa gas da iskar shaƙa su fashe, ana harba su da kwamfuta daga ofis. Mai hutu yana jin rugugin daga cikin bargo, ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Duk da haka akwai masu ɗaga igiyar da aka gitta, su wuce alamar rufewa don neman dusar da ba a taka ba. In ta rufta da ɗayansu, masu tsaron nan dai ake kira. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, fiye da tara cikin goma suna rayuwa. Bayan minti 35 kusan ɗaya cikin uku ne kawai. Dusar da ta zaftare kuwa da ta tsaya sai ta ƙame kamar siminti, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. Mai ceto zai mayar da na'urar aika sigina da ke ƙirjinsa daga aikawa zuwa nema, ya bi siginar ta wanda aka binne har lambar da ke nuna nisa ta daina raguwa. Sai ya harhaɗa sandarsa ya riƙa cakawa yana kewayawa, tazarar santimita 25 tsakanin caka da caka, har ya ji abu mai laushi da ba dutse ba. Ba ya zare sandar. Ana fara haƙa daga gefen gangare, ba daga kan mutumin ba, don kada a danne masa ɗan sararin da yake numfashi. Na gaba yana sara, na baya suna kwashewa, suna karɓar juna kafin hannu ya gaji, kuma fuska ake fara nema. In mutumin bai ɗaura na'ura ba, sai kare. Tun yana ƙarami ake koya masa cewa gano mutum a cikin rami wasa ne mai lada, don haka yake shiga filin da ɗoki, hanci a ƙasa, ya share cikin rabin awa abin da mutum 20 za su kwashe awanni suna yi.

Da yamma, bayan an tsayar da kujeru, baƙi sun cika farfajiyar otal-otal suna shan shayi mai zafi, masu tsaro ne na ƙarshen saukowa. Kowa da hanyarsa, yana tafe a hankali, yana leƙa bayan kowane tudu, yana kira ko akwai wanda ya rage, yana miƙar da sandunan alama da suka karkace. A ofis sai su duba sanarwar yamma da ma'aunin iskar da ke kan ƙololuwa. In dusa ta fara sauka kuma iska ta juya, shugabansu zai raba wuraren harbi tun a daren, kowa ya san abokin tafiyarsa da lokacin haɗuwa a ɗakin ajiyar nakiya.