Shafin Biki: Magana Ce Ko Sana'a?

A ranar 30 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar 303 Creative, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Lorie Smith, mai tsara shafukan intanet a jihar Kolorado, ta ce imaninta na Kirista bai yarda ta tsara shafin biki ga masu auren jinsi ɗaya ba, alhali dokar jihar ta hana ɗan kasuwa nuna wariya ga abokan ciniki. Kotu ta ba ta gaskiya.

Mai karanta hukuncin zai lura cewa ba a kan 'yancin addini aka ɗora shi ba. Ko a 2018, da Jack Phillips mai gasa kek ya yi nasara a irin wannan shari'a, dalilin kotu shi ne hukumar jihar ta nuna ƙyama ga addininsa. A wannan karon Mai Shari'a Gorsuch ya jingina da 'yancin magana: gwamnati ba ta da ikon sa mutum ya furta abin da bai yarda da shi ba. Har ya kawo misalin Musulmi mai shirya fim da za a tilasta wa yin fim mai yabon aƙidar Sahyoniyanci. Wannan hujja tana da ƙarfi.

Raunin hukuncin yana wajen tushe. Smith ba ta ma fara tsara shafukan biki ba lokacin da ta kai ƙara, kuma ɓangarorin biyu sun amince tun farko cewa aikinta ƙirƙira ce mai ɗauke da saƙo. Don haka kotu ta tsallake tambaya mafi wuya. A sana'armu ta manhaja mun san yadda galibin shafukan biki suke: a ɗauko tsari gamamme a WordPress, a zuba suna, rana, hotuna da taswirar wurin taro. Kalmomin na masu biki ne. To ina muryar mai tsarawa? Idan wannan magana ce, mai buga katin gayyata fa? Tela fa?

Rashin shata wannan iyaka shi ne abin da Mai Shari'a Sotomayor ta yi gargaɗi a kai, kuma tarihi yana tare da ita. A shari'ar Piggie Park ta 1968, wani mai gidan abinci ya kafa hujja da addini don ƙin sayar wa baƙar fata, kotu ta yi watsi da shi. Dokar Kolorado da Smith ta ƙalubalanta ita ce kuma ke kare Musulma mai hijabi daga ɗan kasuwan da ba ya son ganinta.

Bambanta ƙin saƙo da ƙin mutum abu ne mai kyau. Amma Gorsuch bai ba ƙananan kotuna ma'aunin da za su gane inda saƙo ya ƙare, sana'a ta fara ba. Kafin a samu ma'aunin, duk mai addinin da yake tsiraru a garinsa yana da dalilin murna da hukuncin, yana kuma da dalilin fargaba.