Wa ya fi wa? Gardama kan jera kociyoyin ƙwallon jami'o'in Amurka

Wani dare a fadarmu, bayan an sauke shayi na biyu, wani abokinmu ya kawo maganar kociyoyin da aka ce sun fi kowa a tarihin ƙwallon jami'o'in Amurka. Ya ce na ɗaya Nick Saban, na biyu Bear Bryant, sauran suna biye. Na tambaye shi da me aka auna. Ya ce, "Kai ma dai, aboki! Da kofi mana. Wanga bakwai gare shi, wancan shida. Mi ya rage a faɗi?" Muka yi ta ja-in-ja har gawayi ya mutu, kowa na kan bakansa. Da na koma ɗaki na ga maganar ta fi ƙarfin hirar shayi, shi ya sa na kawo ta nan. Ra'ayina shi ne, ƙidayar kofi ta fi auna ƙarfin jami'a da sa'ar zamani bisa ga aikin mutumin da ya yi horon. Tambayar da ta fi dacewa a yi wa kowane koci guda biyu ce: me ya tarar, me ya bari?

Ga wanda bai san wasan ba, ba irin ƙwallon da muke bugawa a unguwa ba ne. Nasu mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa a ruga ko a jefa, mutum goma sha ɗaya kowane gefe, sanye da hular kwano, ana karo kamar raguna. Jami'o'i ke da ƙungiyoyin, ɗalibai ke bugawa. Amma kada ka ɗauka wasan yara ne: filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da dubu 100.

Akwai abu uku a tsarin wasan da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, a ƙa'ida kaka huɗu ɗalibi ke bugawa ya wuce, don haka kowace shekara sai koci ya nemo sabbin yara daga makarantun sakandare. Na biyu, a gasar ƙwararru ta NFL ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓen sabon ɗan wasa, don a daidaita ƙarfi. A jami'a ba haka ba ne: yaron ne ke zaɓen inda za shi, kuma gwanin yaro inda ake da suna da kuɗi yake nufa. Mai shi ake ƙara wa. Na uku, ƙungiyoyin babban rukuni sun haura 130, alhali wasa 12 ake yi a kaka kafin wasannin ƙarshe. Yawancinsu ba sa ma haɗuwa da juna.

To, idan ba a haɗu ba, ta yaya ake sanin zakara? Nan ne kofin da abokina ke ƙidayawa ya fara rawa. Shekaru da yawa ƙuri'a ake jefawa. Tun 1936 kamfanin labarai na AP ke tambayar ƴan jarida su jera ƙungiyoyi, daga baya aka samu wata ƙuri'ar ta kociyoyi. Wanda ya zo kan gaba shi ne zakara, wani lokaci ma kafin a buga wasan ƙarshe. Bear Bryant yana da kofi shida a Alabama: 1961, 1964, 1965, 1973, 1978 da 1979. Amma a kakar 1964 an naɗa Alabama zakara tukuna, sannan Texas ta doke ta a wasan ƙarshe. A 1973 ma haka aka yi: ƙuri'ar kociyoyi ta ba Alabama, ta je ta kara da Notre Dame, aka cinye ta 24 da 23. Ka ga kofi biyu ke nan cikin shida da aka ba mutum rawani kafin a kayar da shi a fage. Shi kansa Saban, kofinsa na farko a jami'ar LSU a 2003 raba shi aka yi, don ƙuri'ar AP ta ba USC. Sai 1998 aka fara tsarin haɗa na ɗaya da na biyu su kara, sai 2014 aka fara gasar fitar da gwani ta ƙungiya huɗu, aka mai da ita 12 a 2024. Kofin 1964 da na 2020 suna ɗaya ne gare su, amma ba hanya ɗaya aka bi aka same su ba. Wanda ya tara su ya ce shida da bakwai, ya haɗa tiyar gero da tiyar ƙaiƙayi a buhu ɗaya.

Ko da an yarda kowane kofi kofi ne, akwai wata matsalar: yakan faɗa hannun wanda sa'a ta gifta ta gabansa. Dubi Gene Chizik. A jami'ar Iowa State wasa 5 ya ci, aka cinye shi 19. Ya koma Auburn, ya samu wani yaro mai suna Cam Newton, wanda kaka ɗaya tak ya buga musu. A 2010 suka ci wasa 14 ba faɗuwa, suka ɗauki kofi. Newton ya tafi. A 2012 Auburn ta ci 3, aka cinye ta 9, aka sallami Chizik. Larry Coker ma ya ɗauki kofi a Miami a 2001, shekararsa ta farko, da yaran da wanda ya gabace shi ya tara, kuma a 2006 aka sallame shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Amma a jerin abokina, su biyun nan suna gaban duk wanda bai taɓa ɗaukar kofi ba.

Wato suna gaban Bill Snyder ke nan, kuma nan ne na ce a'a. Lokacin da Snyder ya karɓi Kansas State a 1989, ƙungiyar ta yi wasa 27 a jere ba ta ci ko ɗaya ba. Jami'a ce a ƙaramin gari cikin karkara, ba suna, ba tarihi, gwanayen yara ko kallonta ba sa yi. Shekararsa ta farko wasa ɗaya ya ci. Ya riƙa tsintar yaran da manya suka raina, da waɗanda suka fito daga ƙananan kwalejoji na shekara biyu, yana gyara su sannu a hankali. A 1998 suka gama wasanninsu 11 na kaka ba faɗuwa, saura ƙiris su kai wasan kofin ƙasa. A 2003 suka lallasa Oklahoma, wadda ke ta ɗaya a ƙasar, 35 da 7, suka ɗauki kofin rukuninsu. Ya ajiye aiki a 2005, ƙungiyar ta fara komawa gidan jiya, ya dawo a 2009, ya sake cin kofin rukunin a 2012. Wasa 215 ya ci gaba ɗaya, kofin ƙasa ko ɗaya babu.

Mu ɗalibai mun san wannan lissafin a jikinmu. Malamin lise da aka tara wa zaɓaɓɓun yara a birni, ga littattafai ga lantarki, idan ajinsa duka suka ci bak, an gode masa. Amma malamin da ke karantarwa a rumfar zana, yara uku a tebur ɗaya, idan ya fitar da rabin ajinsa, wa zai ce bai kai wancan ba? Takardar sakamako ba ta nuna inda kowa ya faro.

Sai babbar magana, wadda jerin kofi ke rufewa gaba ɗaya: wa aka bari ya shiga fagen tun farko? Sai a 1971 baƙar fata ya fara buga wa Alabama wasa. Kofi ukun farko na Bryant da ƙungiyar farare zalla ya ci su, a zamanin da wariya ta hana yaran baƙar fata na kudancin Amurka shiga ƙungiyoyin ƙwallon irin waɗannan jami'o'in. Ina waɗannan yaran suke? Da yawansu suna jami'o'in baƙar fata, irin su Grambling a jihar Louisiana, wurin Eddie Robinson. Ya fara horo a can a 1941 yana da shekara 22. Shi ne koci, shi ke shata layin fili, shi ke rubuta wa jarida rahoton wasa. Ya yi aiki har 1997, ya ci wasa 408, kuma a 1985 ya wuce adadin Bryant na 323. Sama da ɗalibansa 200 suka shiga wasan ƙwararru. Cikinsu akwai Doug Williams, baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya a matsayin mai jefa ƙwallo ta ci Super Bowl, a watan Janairu na 1988. Amma Robinson ba shi da ko ɗaya daga cikin kofin da abokina ke ƙidayawa, don ƙuri'ar da ke ba da shi ba ta lissafa makarantarsa. Idan ka ce Bryant shida, Robinson sifiri, to ka ɗauki dokar wariya ka mai da ita ma'auni ba ka sani ba.

Wani zai ce, to a bar kofi, a ƙidaya yawan wasan da aka ci. Wannan ma da sauran rina a kaba. Da shi za a bi, John Gagliardi ne sarki, mai wasa 489, wanda ya yi kusan duk rayuwarsa a ƙaramar jami'ar Saint John's ta Minnesota, a rukunin da ba a ba ɗalibi tallafin karatu don wasa. Yawan nasara yana nuna tsawon rai a kan aiki, ba ya nuna da wa aka kara.

Labarin Joe Paterno kuma ya nuna wani abin da lamba ba ta iya ɗauka. Ya horar da Penn State daga 1966 zuwa 2011. A ƙarshen Oktoba na 2011 ya ci wasansa na 409, ya wuce Robinson da ɗaya. Ba a yi sati biyu ba aka kore shi, bayan da ta bayyana cewa tsohon mataimakinsa Jerry Sandusky ya daɗe yana lalata da yara ƙanana. An kai wa Paterno labari tun 2001, ya sanar da shugabanninsa na jami'a, bai kai maganar ga ƴan sanda ba. A 2012 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta soke masa nasara 111, aka cire gunkinsa daga bakin filin wasa. A 2015 aka mayar masa da nasarorin. Cikin shekara huɗu lambarsa ta hau, ta sauka, ta sake hawa, alhali ba a ƙara buga ko wasa ɗaya ba. Yaran da aka cuta kuwa ba su cikin lissafin, ko lokacin da aka rage ko lokacin da aka mayar. Koci a jami'a amanar ƴaƴan mutane aka ba shi, masu shekara 18 zuwa 22, kuma yawancinsu ba za su taɓa zama ƙwararru ba. Jerin da bai tambayi yadda aka riƙe wannan amana ba, ya bar rabin aikin a waje.

Kada a ce wannan gardamar banza ce ta masu shan shayi. Irin wannan lissafin ne ke yanka albashi. Jami'ar Texas A&M ta ɗauko Jimbo Fisher saboda kofin da ya ci a Florida State a 2013. Bai kawo mata kofi ba, ta sallame shi a Nuwamba na 2023, da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75, wato sama da miliyar 40 na sefa. Su kuwa ɗaliban da ke karya ƙashi a fili, sai a Yuli na 2021 aka yarda su samu kuɗi da sunansu da hotonsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abokina ya kawo hujjar da ba zan ɓoye ba. Ya ce, "Kofi dai ana ganinsa. Naka awon kowa sai shi faɗi son ransa." Da gaskiyarsa ta wani gefen. Ba a auna "me ya tarar" da sikeli. Amma ana iya duba shi: sakamakon shekarun da suka gabaci zuwan koci, kuɗin da jami'ar ke kashewa, irin yaran da yake samu, ɗalibai nawa suka gama karatu, da halin da ƙungiyar ta shiga bayan tafiyarsa. Duk waɗannan a rubuce suke. Sun fi ƙidayar yatsu wuya ne kawai.

Kuma don a san ba ƙiyayya ba ce, Saban ma a sa shi a wannan ma'aunin. Ya tarar da LSU ta ci wasa 3 an cinye ta 8 a 1999, rabonta da kofi tun 1958. Cikin kaka huɗu ya kai ta. Ya tarar da Alabama ta ci 6 an cinye ta 7 a 2006. Ya ɗauki kofi shida da ita tsakanin 2009 da 2020. Da salon wasa ya sauya ya koma jifa da sauri, shi ma ya sauya, bai tsaya yabon da ba. Yaronsa Kirby Smart ya je Georgia ya ci kofi a 2021 da 2022. Lokacin da ya ajiye aiki a Janairu na 2024, gida ya bari a tsaye. To, Saban gwani ne ko da ba a ƙidaya kofi ba. Amma a wannan awon ba shi kaɗai ke zaune a tabarmar gaba ba: Robinson da Snyder na gefensa, Chizik da Coker kuwa sun koma can baya inda ya dace da su.

Da na gaya wa abokina haka washegari, ya yi dariya ya ce, "Ashe duk wanga dogon zance, Saban ɗin dai munka komo." Na ce masa e, amma da can kai sunan mutum biyu ka sani, yanzu ka san na Eddie Robinson. Ya yi shiru, ya zuba mini shayi. Har yanzu bai ce ya yarda ba.