Menu na mai jin yunwa ne

A 'yan shekarun nan, da wuya a buɗe gidan abinci a Kano ko Kaduna ko Abuja ba a kira mai zane a kwamfuta ya tsara menu ba. Na yi murna da haka, domin matasa sun samu sana'a, an kuma huta da takardar nan mai maiƙo da ake bugawa a shagon hoto-kwafi. Abin da ke damuna shi ne, yawancin zanen don hoton Instagram ake yin sa, ba don wanda ya shigo da yunwa ba.

Ka san irin sa: baƙin shafi, rubutu ruwan gwal, ƙanana-ƙanana. A fuskar kwamfuta gwanin sha'awa. A teburi kuwa, da daddare, wuta ta yi ƙasa, sai ka ga dattijo ya kunna tocilan wayarsa yana neman farfesun kayan ciki.

Babbar matsalar tana cikin tsarin kansa. Samfuran da ake ɗebowa daga manhajar zane ta Canva an gina su ne a kan cin abincin Turawa: ɗan abin taɓawa, sai babban abinci, sai kayan zaƙi. Mu ba haka muke oda ba. Mutum zai ce a ba shi tuwon shinkafa malmala biyu, miyar taushe, a sa masa naman kai. Na kusa da shi tuwon masara yake so da miyar kuka, da ganda. Zaɓi uku ne a jere: tuwo, miya, nama, kowanne da kuɗinsa. Mai zanen da ya gane haka zai jera su kafaɗa da kafaɗa a shafi ɗaya, ido ya bi su yadda baki zai faɗa. Wanda bai gane ba sai ya watsa miya a shafi na uku, nama a na biyar, mai kawo abinci kuma ya wuni yana maimaita abin da ya kamata takarda ta faɗa.

Hotunan intanet ba sai na ja magana ba. Wanda ya ga kaza a hoto aka kawo masa wata daban, ba zai ce mai zane ne ya yaudare shi ba, mai gidan zai zarga.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Ɗanwake, ƙosai, zoɓo, kuɓewa, kunun gyaɗa, duk da su ake rubuta su. Yawancin salon rubutun ƙawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, don haka ko a yar da lanƙwasar, ko harafi ɗaya ya fito daban a tsakiyar kalma. Alhali Noto na Google da Andika suna ɗauke da su, kuma kyauta ne.

Maganar farashi ma aikin mai zane ce. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin abinci bai zauna wuri ɗaya ba. Menu da aka kashe kuɗi aka lulluɓe da roba, kafin a ankara ya cika da sitika a kan sitika, wani wurin ma da biro aka soke. Wasu sun gudu zuwa lambar QR, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙira a 1994, ta kuma cika gidajen abinci lokacin korona. Ta sauƙaƙa canjin farashi, amma ta bar mai ƙaramar waya da wanda datarsa ta ƙare suna kallon teburi. A ajiye ta ga mai so, takarda dai ta zauna. Farashin a buga shi a siririn shafi da ake zarewa a sa wani, mai zane kuma ya miƙa wa mai gida fayil ɗin da zai iya gyarawa da kansa, ba sai ya sake biyan kuɗin aiki duk sanda buhun shinkafa ya tashi ba.